Kalmar "Anxious" da Fuskokinta Biyu

Zuwa ga Edita,

 Ga ni kuma yau a ɗan filin nan da ka saba ba ni, na zancen kalmomin Turanci waɗanda ke ba mu wuya a ofis da makaranta.

Makon jiya wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda ta hannunka, yana so in raba gardama tsakaninsa da abokin aikinsa. Ya ce ya sa yaransa su rubuta labarin hutu da Turanci, sai wani yaro ya rubuta, "I am anxious to go home." Malam ya ɗauki jar tawada ya soke kalmar "anxious", ya rubuta a gefe cewa wanda za shi gida wurin uwa da uba ba zullumi yake yi ba, murna yake yi. Abokin aikinsa ya gani, ya ce yaro ya yi daidai, malam ne ya yi kure. Suka yi ta ja, har suka yarda a kawo maganar nan.

To, Malam, ka gafarce ni, yaron nan bai yi kuskure ba, sai ka mayar masa da makinsa. Amma kada ka ji kunya, gama ramin da ka faɗa na riga ka faɗawa, kuma tawa faɗuwar ta fi taka muni nesa. Kai maki biyu ka hana yaro, ni kuwa shekara guda cur na ci wa wani.

Ga yadda aka yi. Sa'ad da na fara aikin akawu, ban fi wata huɗu da kama aiki ba, ina jin kaina kamar ni na haifi Turanci. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, maɗinki ne, ya kai ɗansa makarantar kwana a wani gari mai nisa. Ran nan da la'asar ya zo ƙofar gidanmu da wasiƙa a hannu, ya ce, "Malam, daga makarantar yaron nan aka aiko, duba mini abin da suka ce." Ya girme wa ubana, amma tun ran da na fara zuwa ofis Malam yake ce mini. Na buɗe, na ga layi uku ne kawai, kan maganar kuwa shi ne, "The Principal is anxious to see you about your son." Ni a makaranta abin da aka koya mini, "anxious" damuwa ce, shi ke nan. Ban tsaya na sake dubawa ba, sai na ce, "Baba, shugaban makaranta ya ce hankalinsa ya tashi game da ɗanka, yana nemanka."

Dattijo ya yi shiru, ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Sata ya yi?" Na ce, "Ba su faɗa ba, Baba." Ya ce, "Ai ba su faɗa a takarda. In ciwo ne da sun ce ciwo." Ya karɓi wasiƙarsa, ya ninke, ya sa a aljihu, ya tafi. Mutum ne mai tsananin gudun abin kunya. Ya ce shi ba zai je a tsai da shi gaban Turawan boko a karanta masa laifin ɗansa ba, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Uwar yaro ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Aka yi mako biyu bai tafi ba, sai ga yaro ya zo da kansa, idanu sun yi ja don kuka. Ashe shi ne ya zo na ɗaya a jarrabawa, an sami gurbin ƙaro ilmi kyauta, ana bukatar ubansa ya zo ya sa hannu kafin ranar da aka yanka. Ranar kuwa ta wuce da kwana biyu, an ba wani. Shugaban makaranta ba hankalinsa ne ya tashi ba, ƙosawa ya yi ya ga dattijo don ya yi masa albishir.

Allah ya taimake ni yaron ya sāke samun gurbin a shekara mai zuwa, in ba don haka ba da ban san inda zan sa kaina ba. Dattijo bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Har yanzu ni yake kawo wa takardunsa, sai dai duk sa'ad da ya miƙo mini sai ya ce, "Malam, karanta sau biyu." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na ɗanɗana.

Saboda haka, 'yan'uwana ma'aikata, ku lura da wannan. Kalmar nan fuska biyu gare ta, kuma ɗan ƙaramin harafin da ke biye da ita shi ke nuna wadda ta juyo maka. In ka ga "anxious about", to, zullumi ne da fargaba: "She is anxious about her child," watau tana zullumin halin da ɗanta ke ciki. In kuwa ka ga "anxious to", sa'an nan fi'ili ya biyo baya, to, ƙosawa ce da matsuwa a yi abin: "She is anxious to see her child," watau ta ƙagu ta ga ɗanta. Wasiƙar da ta kā da ni tana da duka biyun a layi ɗaya, da "to" da "about". Idona ya tsallake na farko, wanda ke manne da kalmar, ya kama na biyu, wanda ba nata ba ne. Wannan tarko ya kamata malamai su nuna wa yara a allo.

Na uku shi ne "anxious for", shi kam jemage ne, ba tsuntsu ba ba dabba ba. In aka ce "anxious for his safety", tsoro ake ji kada wani abu ya same shi. In aka ce "anxious for promotion", ƙarin girma yake nema ido rufe. Nan babu wata ƙa'ida da za ta cece ka, sai ka dubi sunan da ya biyo baya, ka auna da hankalinka.

Mai karatu zai ce, ƙaƙa kalma ɗaya za ta ɗauki tsoro, ta kuma ɗauki so? Ni ma na daɗe ina wannan tambaya, sai da na bi asalinta kāna na gane. Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun fil azal, aro ce daga Latin, harshen Rumawan dā, ta shiga Turanci shekaru fiye da 400 da suka wuce. Rumawa suna da fi'ili "angere", ma'anarsa shaƙewa ko matsewa, kamar yadda igiya ke yi wa wuyan akuya in ta ja turke. Daga nan suka sami "anxius", watau wanda abu ya shaƙe wa rai. Danginta suna nan da yawa. Akwai "anguish", azabar zuciya mai tsanani. Akwai "angina", sunan da likitoci suka ba ciwon nan mai matse ƙirji sa'ad da jini bai ishi zuciya ba. Jamusawa suna ce wa tsoro "Angst", suna ce wa matsattsen wuri "eng", duk tushe ɗaya ne. Har "worry" ma, wadda ba daga Latin take ba, a tsohon Turanci shaƙewa take nufi. Daga baya aka riƙa faɗinta ga kare in ya cafki tunkiya a wuya yana girgizawa, sa'an nan ta koma damuwar zuciya. Ku dubi ikon Allah, kalmomi biyu daga gida dabam dabam, duka a maƙogwaro suka faro.

Mu ma ai haka ne. Muna cewa ɗaki ya yi ƙunci, muna kuma cewa mutum yana cikin ƙuncin rai. Larabawa su ce "dhiƙus-sadri", ƙuncin ƙirji. Kowace al'umma da ta tashi ba wa abin nan suna, jikinta ta tambaya, jiki kuwa ya ce matsi yake ji. Sai dai kalmarmu ta damuwa, ita ina jin daga wani wuri ta fito. A ganina 'yar'uwar damun fura ce, watau zuciya ce aka sa wa ludayi ana juyawa, ta kasa kwanciya. Wannan ra'ayina ne, malamai su gyara mini in na kauce.

To, ga inda fuskokin biyu suka haɗu. Malamanmu na Arabiyya sun rarrabe tsakanin huzunu da hammu, sun ce huzunu a kan abin da ya riga ya wuce ne, hammu kuwa a kan abin da ke tafe. "Anxious" tana gefen hammu, kullum gaba take kallo, ga abin da bai iso ba tukuna, ba a kuma tabbatar da yadda zai kasance ba. Wanda yake "anxious about" yana tsoron kada abu ya zo. Wanda yake "anxious to" yana tsoron kada abu ya ƙi zuwa. Matsin ƙirjin ɗaya ne. Yaron Malam da ya ƙosa ya tafi gida, ai ba murna ce zalla ba, yana ƙidayar kwanaki, yana tunanin ko za a aiko da kuɗin mota, ko za a ɗaga ranar hutu. Shugaban makarantar nan ma da ya nemi dattijonmu, yana so ya gan shi, yana kuma duban ranar da aka yanka tana matsowa. Da na san wannan a lokacin, da na ce, "Baba, yana so ya gan ka da gaggawa," da dattijo ya hau mota washegari.

Wanda ya riƙe wannan zai tsira daga wani kuskure kuma, da na sha gani a takardun ta'aziyya. Mutum ya rubuta, "I am anxious about the death of your father." Wannan ba daidai ba ne ko kaɗan. Wanda ya rasu ya riga ya rasu, babu sauran jira. Abin da ya kamata ya ce shi ne "sorry" ko "grieved", gama wannan huzunu ne.

Kada Malam ya ɗauka shi kaɗai ya taɓa soke kalmar nan da jar tawada. Su kansu masu harshen sun yi wannan gardama. Akwai masana nahawu, yawancinsu a Amurka, da suka tsaya a kan cewa in abin alheri ake jira sai a ce "eager", a bar "anxious" ga abin tsoro kaɗai. Amma marubutan Ingila sun fi shekara 250 suna amfani da ita a ma'anar ƙosawa. Wani shahararren malamin Turanci, H. W. Fowler, a littafinsa na gyaran harshe da ya fito a 1926, ya dubi wannan suka ya ce ba ta da nauyi, ma'anar ta riga ta zauna a bakin kowa. Saboda haka Malam yana da abokan ra'ayi, sai dai an rinjaye su tun tuni.

Duk da haka ban ce "eager" da "anxious" ɗaya suke ba. "Eager" ɗoki ne da zumuɗi, irin na yaro ran Salla da safe ya ga sabuwar riga, babu ɗigon tsoro a ciki. Asalinta ma daga kalmar Latin mai nufin kaifi ne. "Anxious to" kuwa tana tafe da 'yar inuwa a bayanta. Ango yana "eager" ya ga amarya. Wanda ya ci bashi kuwa yana "anxious to pay", ya matsu ya biya don ya sami barci. In ka sa ɗaya a wurin ɗaya ba wanda zai kama ka da laifi, amma mai kunne zai ji bambanci.

Kafin mu yi wa Turawa dariya a kan kalma mai baki biyu, mu dubi namu gida. In na ce, "Na ƙosa in gan shi," kowa ya san so nake in gan shi. In kuwa na ce, "Na ƙosa da shi," to, ya ishe ni ke nan, ba na ko son jin sunansa. Kalma ɗaya, "in" da "da" kaɗai suka juya ta. Baturen da ke koyon Hausa in ya ruɗe a nan, ramina ya faɗa. Ni a ganina ma babu kalmar da ta fi dacewa da "anxious to" kamar ƙosa ko ƙagu, don su ma so ne wanda ya gauraya da rashin haƙuri.

A gefen tsoro kuwa, Hausa tana da yalwar kalmomi, sai dai mu ne muke ragwanci, kome muka gani mu ce damuwa. Wanda ya kwana yana juyi don gobe za a karanta sakamakon jarrabawa, zullumi yake yi. Matar da mijinta ya yi tafiya, aka ji labarin hatsari a hanyar da ya bi, fargaba take yi, gabanta na faɗuwa duk sa'ad da aka yi sallama. Mutanen garin da ake raɗe-raɗin za a kawo wa hari suna zaman ɗar-ɗar. Wanda ya kasa yanke shawara, ya yi gaba ya yi baya, yana taraddadi. Duk waɗannan Bature zai iya cewa "anxious" ya wuce, amma tafinta ba shi da wannan dama, tilas ya zaɓa. Tashin hankali kuwa, wanda na jefa wa dattijo, shi ne mafi nauyi a cikinsu, bai kamata a fito da shi ba sai abu ya kai inda ya kai. Watau kuskure biyu na yi a numfashi ɗaya: na ɗauki fuskar da ba ita ba, na kuma zaɓi kalma mafi zafi.

Akwai wani amfani da kalmar nan wanda ba a koyarwa a makaranta, sai a ofis mutum ke koyonsa, wani lokaci da tsada. In shugabanka ya rubuto, "I am anxious that this work should be finished by Friday," kada ka zauna kana tausayinsa, kana cewa wayyo, maigida yana cikin damuwa. Ba labarin zuciyarsa yake ba ka ba, umurni ne ya sa wa babbar riga. Ma'anarsa, ka gama aikin nan kafin Jumma'a, in ba haka ba ka ji a jikinka. Turancin ofis ba ya son tsawa a takarda, sai ya lulluɓe ta. Na ga sabon akawu ya amsa irin wannan takarda da cewa, "Please do not worry, Sir," yana ganin ya yi ladabi. Maigida ya karanta, ya dube shi ta saman tabarau, bai ce uffan ba, mu kuwa muka sunkuyar da kai.

Haka kuma masu rubuta takardar neman aiki su yi hattara. "I am anxious to work with you" magana ce mai kyau, ka nuna kana son aikin ƙwarai. "I am anxious about working with you" kuwa, ka gaya musu tun ba su ɗauke ka ba cewa tsoronsu kake ji.

Wani abu da na tuna daga makarantar mishan da na yi, wanda ke nuna yadda kalmomi ke ƙaura kamar Fulani. Kalmar "careful", wadda yau muke fassarawa da hattara ko lura, a dā tana nufin wanda damuwa ta cika wa zuciya. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611 akwai inda aka hana mutane zama "careful", mu kuwa yara muka yi ta mamaki, ƙaƙa za a hana mutum hattara? Sai malaminmu ya nuna mana gyararriyar fassara ta 1881, ashe a wurin sun cire ta sun sa "anxious". Tsohuwar kalma ta tashi daga gidanta, sabuwa ta shiga.

Malamai su kuma kula da lafazi, don harafin "x" ɗin nan maƙaryaci ne. A siffa ana cewa kamar "ank-shas". A suna kuwa, watau "anxiety", sai ya koma kamar "ang-za-ya-ti", ƙarfin murya a kan "za". Na ji manya masu digiri suna cewa "ank-shi-ti", ba wanda ya iya gaya musu.

Tun da na ambaci "anxiety", bari in faɗi abu ɗaya a kanta, don shi ma ya shafi masu karanta wa mutane takardu. A bakin kowa da kowa zullumi ce, mai zuwa ta wuce in abin da ake jira ya iso. A bakin likita kuwa tana iya zama sunan ciwo. Shi ne sa'ad da fargabar ta zauna wata da watanni, ko da dalili ko babu, zuciya na bugawa, gumi na karyowa, numfashi na sarƙewa, barci ya ƙaurace, har mutum ya kasa aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da irin wannan ciwo a duniya. In wani ya kawo maka katin asibiti ka ga an rubuta "anxiety disorder", kada ka ce masa, "Likita ya ce tsoro ne kawai ke damunka," balle ka ce masa hauka ne. Na farko zai sa ya bar magani, na biyu zai sa ya ɓoye kansa. Ka ce masa ciwon fargaba ne, sananne ne, yana da magani, ya koma wurin likita ya nemi bayani da Hausa. In ka ga ba ka fahimci katin ba, ka ce ba ka fahimta ba. Da ni na iya faɗin haka ga dattijon nan, da ban jawo abin da na jawo ba, amma a lokacin gani nake mutuwa ta fi mini sauƙi da in ce ban sani ba.

Malam, abin da nake roƙonka, kada ka gyara makin nan a ɓoye. Ka kira yaron gaban aji, ka rubuta jimlarsa a allo, ka rubuta "I am anxious about going home" a ƙarƙashinta, ka tambayi yara wane ne cikin biyun ya fasa wa uwarsa tulu kafin ya taho makaranta. Za su yi dariya, ba kuwa za su manta ba.

Ina kuma neman taimako wurin malamai masu zurfin Hausa, musamman na Sakkwato da Katsina. Akwai kalmar tararrabi, wadda na ji tsofaffi na faɗi. Ina so a rubuto a bayyana mini inda ta rabu da zullumi, da misali ɗaya ko biyu, in Edita ya yarda sai mu buga amsar a wannan fili.

Haza wasalam.

Naku,
Akawun Bakin Kasuwa